Rasuwar Putih, Kwamin Wanke-wanken Motarmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushi ma ya samu gefe ya shimfiɗa tabarmarsa, ni Sepiah binti Jusoh, wadda kuka fi sani da Kak Piah mai kifi, wato Yaya Piah, nake sanar da shugabanni da membobin Ƙungiyar Masu Motocin Tafi-da-gidanka ta Gabar Gabas, da 'yan uwa da abokan arziki, rasuwar kwamin wanke-wanken motarmu, wanda muke kira Putih saboda farinsa. Ya cika ranar Asabar da ta wuce da hantsi, a bakin tekun Cherating, a gaban shaidu fiye da ashirin, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunsa goma sha tara a duniya, bakwai daga ciki a hannuna.

Marigayin roba ne, bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Ba ƙarfe ba ne mai ƙyalli irin na motar shugabanmu Haji Razali, wanda matarsa ba ta taɓa wanke ko cokali a cikinsa ba don kada ya dushe. Putih ma'aikaci ne. Ya wanke shinkafa daga Kota Bharu har Mersing. Ya sha jinin kifi da ɓawonsa, ya sha ruwan barkono da tsamiya da ragowar madarar kwakwa, bai taɓa riƙe wari ya kwana da shi ba. A cikinsa na wanke kaina ranar da famfon sansanin Rompin ya ƙafe. A cikinsa na yi wa jikata wanka tana wata uku, uwarta Suriani na tsaye tana ta faɗa wai ba a wanka inda ake gyaran kifi. Yarinyar yanzu tana aji ɗaya, kuma ba ta fito da ƙaya ba.

Ba mai yawan magana ba ne. Magana ɗaya na san shi da ita: in ka zare matoshi sai ya ce ƙulul-ƙulul-ƙut, ya yi shiru. A gidan da na yi shekara talatin da takwas da aure, wannan hali ne mai tsada.

Tunda al'ada ce a faɗi ciwon da ya kashe mamaci, ba zan tauye masa haƙƙinsa ba. Amma sai na fara da likitansa.

Kun san mijina, Mokhtar bin Embong. Shekara talatin da ɗaya yana koyar da sana'ar hannu a makarantar sakandare a Dungun, har yau kowa Cikgu, wato malam, yake ce masa, kamar yadda ake ce wa duk wanda ya taɓa riƙe alli. Ba zan ci haƙƙinsa ba, da hannunsa ya tayar da motar nan. Tsohuwa muka same ta, rufinta na yoyo, ɓeraye sun yi gari a ƙarƙashin gado. Shi ya sake katako, ya ja wayoyin wuta, ya ƙera kabad ɗin da ƙofarsa ba ta buɗewa ko an taka birki da ƙarfi. Rabin motocinku akwai aikinsa a ciki, kun sani. Ni kuwa shekara ashirin na yi ina tuƙa motar kai kifi daga bakin ruwa zuwa kasuwanni, ban taɓa ko goga bango ba, amma sau ɗaya bai bar ni na zauna a bayan sitiyarin wannan ba.

"Wannan ba motar kifi ba ce, Piah," haka yake cewa. "Wannan tana buƙatar hannu."

Ciwon Putih ya fara wata safiya a Mersing. Zan daka barkono, na kira shi yadda muke kiran miji a nan, na ce, "Abang, miƙo min turmin nan." Turmin dutse ne na mahaifiyata, bai fi kan jariri girma ba. Ya ɗauko shi daga kabad na sama, ya kawo shi daidai kan kwami, sai hannunsa na dama ya yi wata rawa da ba shi ya sa shi ba. Turmin ya faɗa. Marigayi ya ce ƙas, sau ɗaya. Tsaga ta tashi daga bakin ramin ruwa, tsawon ɗan yatsa.

Muka tsaya muna kallonta. Na ɗauki turmina na fita waje na yi dakana.

Da azahar sai ga hoton tsagar a dandalin ƙungiya na waya, da rubutun Cikgu a ƙasa: "Hannun Piah ya sake ɓarna. Mace mai ƙarfi ni'ima ce, in ba ka da kayan roba." Mutum goma sha huɗu suka aiko fuskar dariya. Na ƙirga. Puan Leela sakatariya har biyu ta aiko, Allah ya ƙara mata lafiyar yatsa.

Za ku ce me ya hana ni magana a lokacin. Abin da ya hana ni shi ne na fi shekara ina ganin abin da ba ku gani ba. Na ga ranar da ya daina sa riga mai maɓalli ya koma mai zurawa ta kai, wai zafi. Na ga ya bar gemu, shi da yake cewa gemu na malalata ne, don reza ta fara yankarsa. Na ga yana zama a kan hannunsa na dama in mun yi baƙi. Na ce masa mu je asibiti sau uku. Na farko ya ce kofi ne ya yi masa yawa. Na biyu ya ce idona ne ke rawa. Na uku ya yi kwana biyu bai yi min magana ba. Na ce a raina, in dariyar mutum goma sha huɗu za ta rufa wa mijina asiri, su yi ta yi, fatata mai kauri ce.

Daga nan aka shiga jinya. Maganin farko sufa-gulu ne da garin soda irin na masu yin kek. Ya riƙe kwana tara. Ranar ta goma na zuba ruwan zafin taliya, tsagar ta buɗe baki ta ƙara tsawon yatsa guda. Cikgu ya ce laifin ruwan zafi ne, wato laifina. Magani na biyu farin man nan ne da ake liƙe gilashin taga. Ya shafa shi lafcece kamar mai yaɓen bango, bayan mako biyu ya ɓare da kansa ya fito kamar fatar maciji. Na uku salatif ne baƙi mai faɗi, sama da ƙasa. A wannan lokacin marigayi ya koyi sabuwar magana. Duk sanda na wanke kwano sai in ji shi daga cikin kabad na ƙasa yana cewa ɗis, ɗis, ɗis. Ruwan ya jiƙa buhun shinkafa, ya sa katakon ƙasa ya kumbura ya yi fumfuna. Na ajiye tsohuwar robar man gyaɗa tana tara. Wata biyu ina zubar da ita safe da yamma kamar mai jinyar tsoho.

Na ce, "Abang, mu kai shi wurin Khoo mana. Jiragen ruwa yake liƙewa, wannan ba zai gagare shi ba."

Ya ce, "Khoo? Ni na koya wa Khoo riƙe guduma. In kai masa aikin gidana, gari ya ji?"

To, gari ya ji yanzu.

Taron Cherating ya zo, Haji Razali ya sa a cikin jadawali cewa da hantsin Asabar Cikgu Mokhtar zai ba da darasin liƙe roba da zafi, a kan kwamin motarmu. Na roƙe shi tun a hanya. Na ce ya ce ba shi da lafiya, ko ya tsaya ya yi bayani wani ya riƙe ƙarfen. Ya ce tun ina soya kifi a bakin titi yake koyar da wannan aiki.

Waɗanda suka halarta sun san sauran, amma sanarwa ta waɗanda ba su zo ba ce. Aka buɗe ƙofar gefe da tagogi, maza suka cika bakin mota suna leƙe, wasu da wayoyi a sama. Ya jona ƙarfen zafin nan na masu gyaran rediyo, ya yanko siririyar roba da zai narka a cikin tsagar. Bayaninsa ya yi daɗi, don baki bai taɓa ba shi matsala ba. Ya ce a bi a hankali, a taɓa a ɗaga, kada a danna. Ya sunkuya. Ya taɓa sau ɗaya, ya ɗaga. Ya taɓa na biyu. A na uku hannun ya zabura, ƙarfen ya nutse har wuya. Marigayi ya ce tsss, hayaƙi mai ɗaci ya tashi. Da ya yi ƙoƙarin zare ƙarfen sai hannun ya ƙi tsayawa, ya ja shi gefe, ya yaga rami wanda ƙwan kaza zai wuce ba tare da ya taɓa gefe ba. Ta cikinsa ana hango robar man gyaɗana.

Sai mijina ya miƙe, ya ɓoye hannun a bayansa, ya yi murmushi ya ce, "Kun ga illar aiki a cikin mota. Piah ce ta taka matakala, motar ta karkata. In ta hau, ko jirgin ruwa sai ya san an hau shi."

Kuka yi dariya. Har da masu riƙe ciki. Ni kuwa ina can ƙarƙashin rumfa, taku goma sha biyar daga motar, ina juya muku kifi a kan garwashi, kuma kusan kowa a cikinku ya gan ni a wurin, don kun zo kun tambaye ni ko ya nuna. Haji Razali ya ɗaga murya ya ce, "Kak Piah, a rage shinkafa mana, an fara asarar rayuka." Aka sake wata dariyar. Bayan nan kuka zauna kuka cinye kifin, har aka ce yaji ya ji.

Washegari muka biya ta Chukai wurin Khoo, don sai an cire gawar kafin katakon ya ƙarasa ruɓewa. Khoo ya fito daga ƙarƙashin wani jirgi yana goge hannu, ya rusuna ya gaida malaminsa kamar har yanzu yana aji uku. Ya shiga mota, ya kwance notina, ya fito da Putih waje ya juya shi a rana. Ya daɗe yana kallo.

"Cikgu, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Mokhtar ya ce, "Wani makanike ne a Mersing."

Khoo ya girgiza kai. "Kada ka sake kai masa ko bokiti. Ai da farko wannan aikin rabin awa ne. Kai ka koya mana: a huda ƙaramin rami a kowane bakin tsaga don ta daina tafiya, a goge ƙasa da samfefa, a shimfiɗa ƙyallen zaren gilashi da gam mai haɗi biyu ta ƙasa, a sa katako ya tallafe. Dubi, ko hudar bai yi ba. Da a ajinka ne da ya sha rula a yatsu."

"Da ya sha," in ji Mokhtar.

"Kuma dubi bakin ramin nan. Wannan ba hannun mai sana'a ba ne, Cikgu. Ko mashayi ne, ko tsohon da ya kamata 'ya'yansa su karɓe masa kayan aiki."

Khoo bai san abin da yake faɗa ba, yaron kirki ne, shekararsa hamsin. Ni na kalli teku. A nan na gane cewa mijina bai manta da hudar ba. Wata huɗu yana sane da maganin, abin hudar yana cikin akwatinsa, amma ya san in ya ɗora tsinin a kan robar ba inda ya nufa zai shiga ba. Ya gwammace ya yi ta shafe-shafe yana cewa ni ce.

Na tambayi Khoo ko akwai sauran dabara. Ya ce, "Kak, robar ta ƙone, ta yi gautsi. In na liƙe nan, gobe can za ta buɗe. A yi haƙuri." Shi ne ya tabbatar da rasuwar, kuma ya naɗe mana gawar a cikin tsohon buhu.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba ku ga wannan takarda ba. Da na haɗiye kamar yadda na saba. Amma a hanyar gida, bayan mun wuce Kerteh, rana tsaka, titi a miƙe ba kowa, akwai wata mata a kan babur a gefen hanya da kwandunan abarba biyu. Ina kallon hannunsa a kan sitiyari yana rawa kamar ganye, yana danne shi da na hagu. Motar ta fara cin gefe. Na ce, "Abang." Ya ce, "Na gani." Madubinmu ya doki kwandonta. Ta faɗa cikin magudanar ruwa ita da babur ɗin, abarba ta watse a titi.

Na sauka da gudu. Allah ya tsare, gwiwar hannunta ce ta goge da ƙafa, hular kwanonta ta tsage. Ba ta kai Suriani shekaru ba. Ina wanke mata ciwon da ruwan gora, tana ta ba mu haƙuri, ita da aka kaɗe. Mijina ya sauko ya tsaya a kanmu, ya ce, "Ita ce ta shigo min."

Na ɗaga kai na dube shi. Na ce, "Ni ce na fasa kwami, ni ce na karkata mota, yanzu kuma wannan baiwar Allah ce ta shigo maka. Saura wa, Abang? In ka kashe wani gobe, gawar za ka ce ta shigo?"

Ya ce, "Ki rage murya."

Na ce, "Ba ni makulli."

"Piah, a gaban mutane?"

"A gaban mutane ka auna ni da jirgin ruwa. Ba ni."

Ya ciro makullin daga aljihu. Yana ƙara a hannunsa tun kafin ya iso nawa. Na kai matar asibitin sha-ka-tafi, muka jira har ƙaninta ya zo ya ɗauki babur, sannan na tuƙa mu gida. Motar ba ta da wani sirri. Motar kifi ta fi ta taurin kai. Tun ranar yake gaya wa maƙwabta wai ƙafarsa ce ke ciwo shi ya sa ya bar ni ina koyo.

Marigayi ya rasu ya bar famfo guda, wanda yanzu yake tsaye a kan rami yana kallon ƙasa kamar maraya. Ya bar matoshi da sarƙarsa, da bututu mai lanƙwasa, da tankin ruwan datti wanda ya yi shekara goma sha tara yana karɓar duk abin da aka aiko masa. Ya bar maƙwabcinsa murhun gas. Ya bar robar man gyaɗa da ta yi jinyarsa, wadda ta fi mutane da yawa da na sani amana. Ya bar ni. Turmin dutse yana nan lafiya, ko ƙwarzane bai yi ba, kuma iyalan mamacin ba su riƙe shi da komai ba, don ba shi ya saki kansa ba.

Iyalai suna godiya ga Khoo, da matar abarba wadda ta ƙi karɓar komai sai da na rantse mata. Ba sa godiya ga mutum goma sha huɗu na dandali, ko ga masu dariyar Cherating. Wanda ya ɗauki hoton bidiyo na ranar ya sake kallo a hankali. Ya dubi matakalar ko akwai ƙafata a kai, sannan ya dubi hannun da ke riƙe da ƙarfen. Shekara guda kuna shan kofi da mutumin nan, kuna kiransa ya gyara muku wuta da famfo, ba wanda ya lura, ko kuwa kun lura kuka ga dariyar matarsa ta fi sauƙi.

Ga tsarin rakiya. Gawar tana kan barandar gidanmu a Dungun, cikin buhunta, ga mai son ganin ƙarshe. Ba za a yi masa wata addu'a ba, roba ne, kada wani ya kai ƙarata wurin liman. Ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe takwas na safe za a ɗauke shi a cikin motar da ya yi wa hidima zuwa wurin masu tara tsofaffin robobi a bayan kasuwa, inda za a niƙa shi. Ni zan tuƙa. Cikgu Mokhtar zai zauna a kujerar gefe, gawar a kan cinyarsa. Ba a buƙatar furanni, kuma ba za a raba kifi ba.

Daga can motar ba gida za ta juyo ba. Za ta wuce Kuala Terengganu, inda Suriani ta karɓar wa mahaifinta layin ganin likitan jijiyoyi da ƙarfe goma sha ɗaya. Bai sani ba. Zai karanta wannan sanarwa a dandali lokaci ɗaya da ku, yana zaune a falo, ni ina kicin, kuma makullin yana ɗaure a bakin zanena.

Za a karɓi gaisuwa a gida bayan la'asar. Wanda ya zo ya zauna da shi, ya yi masa hirar injin mota da farashin taya kamar kullum, kada ya kalli hannunsa. Wanda zai miƙa masa shayi ya zuba rabin kofi.

Sanarwa daga Sepiah binti Jusoh, a madadin iyalan mamacin.